Muryar Lauratu a Faifan Italiya

Dab da magariba na baro shagon wani Basine a kasuwar Dengfeng ta ƙasar Sin da faifai guda a aljihu. Shekarar da Sin ta karɓi gasar Olamfik ce, an matsa wa masu fayafayai, sai a ƙarƙashin tebur ake ciro su. Bayan cinikin jakunkuna, aikina shi ne in kalli fim, in buga wa masu fassara a Kano waya in ce a saya ko a bari.

Ina isa ɗakina na saka shi. Tsohon fim ne na Italiya, labaran tsoro uku a faifai ɗaya. Na farko ba laifi. Na biyu ko yaro ba zai firgita ba, jinin ma kamar manja. Da matata Lauratu na raye da ta yi dariya har da riƙe ciki. Ba ta jin yaren kowa, amma ita ke sa wa 'yan fim magana da Hausa, ta mai da fatalwa mai tallar daddawa. Da damina ta rasu. Kafin in sami tikiti an kai ta. Kewarta ta hana ni sakat.

Na uku ya fara. Na danna maɓallin sauya murya. Italiyanci. Sinanci. Na ƙara dannawa.

Hausa.

Wata mata ce tsaye a kan matakala da fitila, muryar Lauratu a bakinta, har da 'yar shaƙewar nan tata.

Fanka ta tsaya. Ƙaurin suyar maƙwabta ya ɗauke, ƙamshin humrarta ya cika ɗakin. Na zube ƙasa ina kuka.

Matar ta juyo ta dube ni.

"Babayo," ta ce a hankali. "Matso."

Tunda aka ɗaura mana aure Lauratu ba ta taɓa kama sunana ba. Ko faɗa muke, Baban Asma'u take cewa.

Na san ba ita ba ce.

Na matsa.

Na taɓa gilashin talabijin, da ɗumi. Yana numfashi. Wani abu ya riƙe min yatsu daga ciki.

Sai ji na yi an fizgo ni ta baya. Ma'azu ne, maƙwabcina ɗan Maraɗi, ya zo kirana salla.

"Da wa kaka magana?" ya raɗa.

Ya zare wayar wuta, hoton bai ɗauke ba. Sai da ya kai ƙarshen Ayatul Kursiyyu talabijin ta yi duhu. A gabana ya karya faifan.

Na buga Kano na ce a bari. Yatsun nan har yau ba sa jin zafi ko sanyi. Ma'azu ya ce in gode wa Allah, na kuma gode.

Amma duk sati sai na koma shagon nan na tambayi wani kwafin. Basinen ya girgiza kai ya ce, "Mei you." Babu. Na san abin da ke cikin faifan sarai. Muryar kawai nake so in ƙara ji.