Ɓarawon Da Ya Bar Keken Mama A Inuwa

Ranar da Malama ta shigo ofishin 'yan sanda tana cewa an sace mata mota, da ƙyar Sufeto ya ɗago kai. Ba wulaƙanci ba ne. Tun makon da ya wuce hankalinsa yake kan babban titi, inda ya tsaya a kan gawar wani magidanci da motarsa ta rabe gida biyu a kwana, ba tare da ta daki komai ba. Ya ga hatsari iri-iri a aikin nan, amma wannan ya tsaya masa a rai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Malama ba ta yi kuka ba, kuma Sufeto ya fi jin tsoron masu irin wannan shirun. Ta ajiye makullin motar a kan teburinsa, ta ce a harabar makarantar da take koyarwa aka ɗauke ta, da rana tsaka, tana cikin aji.

Idonsa ya sauka kan makullin. An maƙala masa wata jar roba mai zanen taya. Irinta sak ya zare daga jikin motar mamacin nan. Ya ɗauki hularsa, ya kira Sajan.

A harabar makarantar babu ɓarɓashin gilashi ko ɗaya. Abin da suka tarar shi ne keken marasa lafiya, a naɗe, an jingine shi a inuwar katanga, an ja masa birki. A hannun keken an rataye jakar magunguna, an kuma rufe ta da tawul don kada zafi ya taɓa ta.

"Na wane ne?" in ji Sufeto, yana duban Malama.

"Na mahaifiyata. A but ɗin motar yake zama."

"Ke kika fito da shi?"

"A'a."

Sajan, wanda bakinsa ba ya iya shiru ko a wurin makoki, ya ce shi dai bai taɓa ganin ɓarawo mai tarbiyya irin wannan ba, saura kaɗan ya share wurin kafin ya tafi. Sufeto bai yi dariya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

A kan bencin da ke ƙofar aji Malama ta ba shi labarin motar. Mama tana fama da ciwon ƙoda, sai an riƙa kai ta asibiti ana wanke mata jini. Hawa da sauka a motar haya yana galabaitar da ita, wani lokaci direbobi suna ganin keken sai su ƙara wuta. Malama ta daɗe tana matse bakin aljihu, ta sayar da 'yan kunnenta, amma abin da ta tara bai kai ko rabin kuɗin lafiyayyar mota ba. Yayanta ne ya ce akwai irin motocin da suka yi hatsari, kamfanin inshora ya yanke musu ƙauna ya sayar, a gyara su a fito da su da araha. Shi ya kai ta wurin dillali, shi ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta, ya ce bamba ce kawai da ƙofa suka taɓu. Makulli ɗaya aka ba ta.

"Kin yarda da maganarsa?"

"Shi ya riƙe mu tun da Baba ya rasu. Idan ban yarda da Yaya ba, da wa zan yarda?"

Abin da ya fi damunta, ta ce, gobe ne. Injin wankin da ke asibitinsu ya lalace, an tura su babban asibitin da ke wani gari mai nisa. Gobe ne karon farko da za ta hau babban titi da motar. Idan Mama ta rasa wankin nan, kumburi zai hau mata har ƙirji.

Maigadin makarantar ya rantse da abin da zai kashe shi cewa bai ga kowa ba, kuma bai matsa daga bakin ƙofa ba. Sufeto ya tambaye shi ko motar fiffike ta yi. Ya sosa ƙeya. Da ya ji Sajan yana kaɗa ankwa a aljihu, sai tunaninsa ya dawo. Ya ce shi ya buɗe ƙofar da hannunsa, don an danna masa hon irin yadda Malama take yi, shi kuma idonsa na kan waya. Fuskar direban bai gani ba, sai hannun da aka fito da shi ta taga aka ɗaga masa.

"Wane irin hannu?"

"Na namiji, ranka ya daɗe. Hannun rigar duk ƙananan huji, kamar asu ya ci."

Sufeto ya san asu ba ya cin hannun riga ya bar jikinta. Tartsatsin wuta ne ke yin haka.

Dillalin motocin wani ƙosasshen mutum ne da kowa ke kira Ba Matsala, don ko gidansa ke cin wuta abin da zai ce ke nan. Filinsa yana bayan kasuwar kayan gyara. A gaba an jera motoci suna sheƙi, ƙamshin sabon fenti har titi. A teburinsa akwai kwano cike da jajayen robobin makulli masu zanen taya.

Ya tarbi Sufeto da fara'a har kunne, ya aika a kawo lemo. Ya ce shi ba ya ɓoye wa kowa komai, duk mai sayen motarsa ya san ta taɓa faɗuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma gyara ne na fenti da gudumar bodi, ba wani abu ba.

Sufeto ya bar shi da lemonsa ya zagaya bayan rumfa. Can ya ga abin da ya zo nema. Rabin mota ne na gaba, an ɗora shi kan tayoyi, an yanke shi daidai bayan kujerar direba. A gefensa ga rabin baya na wata motar, launinta daban, yana jiran a haɗa aure. Motar mamacin nan ma haka take, da aka kankare fentin, gabanta fari ne, bayanta shuɗi.

Da ya dawo, fara'ar Ba Matsala ta ragu da rabi.

"Kayan gyara ne, ranka ya daɗe. Muna cire na cirewa."

"Ina ɗaya makullin motar Malama?"

"Ɗaya ta zo da shi."

"Mota biyu aka haɗa, ka ce makulli ɗaya? To tashi mu je ofis, ka tuno a hanya."

Ba a kai ga bakin ƙofa ba ya fara zufa. Irin waɗannan mutane ba su da amana ko ta sisi, da sun ji zafi sai su nemi wanda za su tura gaba. Ya ce shi sayarwa kawai yake yi, bai taɓa riƙe kan walda ba. Duk abin da ya shafi ƙarfe, da makullan da suka rage, suna wurin mai waldarsa.

"Wane ne shi?"

"Ai wanda ya kawo ta ne. Yayanta."

Sufeto ya bar Sajan ya wuce da dillalin ofis, ya ce daga can ya ɗauko Malama ya same shi. Shi kuma ya nufi garejin, ransa a jagule. Ya fi son ɓarawon da bai san kowa ba. Irin wannan binciken, ko ka ci nasara ba ka komawa gida da daɗin rai.

Garejin rumfar kwano ce mai ƙaurin ƙarfe da ƙonannen fenti. Mai waldar dogo ne, furfura ta fara fito masa, idanunsa jajur irin na wanda ya daɗe yana kallon wuta. Ya cire gilashin fuska ya gaishe da Sufeto cikin ladabi. Hannun rigarsa kamar rariya.

Ya ce ya ji labarin satar, ƙanwarsa ta kira shi, Allah ya tona asirin wanda ya yi. Tun safe yana nan bai leƙa ko'ina ba. Motar kuwa lafiyayya ce, shi da kansa ya duba ta. Makulli na biyu bai taɓa gani ba.

Sufeto ya lura ko sau ɗaya bai tambayi inda aka kwana a binciken ba. Ya lura kuma da wata tamfol da aka lulluɓe wani abu da ita a bayan rumfar, mutumin yana ta tsayawa tsakaninsa da ita. Da ya so, da ya je ya yaye ta kawai. Amma ba motar kaɗai yake nema ba, yana so ya ji abin da mutumin nan ya sani, daga bakinsa.

Sai ya ɗana masa tarko, ya saki fuska, ya ce ai an ma samu mafita. Ba Matsala ya tausaya, ya ba Malama aron wata mota daga filinsa, ruwan toka, wadda aka gama fentinta kwanan nan. Gobe da ita za ta kai Mama.

Gilashin waldar ya suɓuce daga hannun mutumin.

"Ruwan toka? Ta karɓa?"

"Tana hannunta. Me ya faru?"

"Kada ta hau titi da ita. Don girman Allah, ranka ya daɗe, ka kira ta yanzu."

"Don me? Ba gyaran fenti ba ne?"

Mai waldar ya nemi wani tsohon injin mota ya zauna a kai.

"Ni na ɗinke ta. Ita ma biyu ce."

Ya tashi da kansa ya janye tamfol ɗin. Motar Malama ce, amma ta tashi daga mota. Ya bi layin waldar da ya yi da hannunsa ya yanke ta gida biyu, don kada wani mahaluki ya sake zama a cikinta. Ƙaramin matashin da ake sa wa Mama a baya yana nan a kan kujera, ƙurar ƙarfe ta rufe shi.

Ana cikin haka Sajan ya iso da Malama. Ta tsaya a bakin rumfar tana kallon abin da ta sayar da 'yan kunnenta ta saya.

Yayan bai iya kallonta ba, da Sufeto yake magana. Ya ce ya daɗe yana yi wa dillalin wannan aikin. Da farko yana gaya wa kansa waldarsa ta fi ta kamfani ƙarfi. Da ƙanwarsa ta matsu, ga Mama tana wahala, ga kuɗin bai kai ba, sai ya ce a ransa ai cikin gari kawai za ta riƙa yawo, a hankali, daga gida zuwa asibiti. Sai ga labarin motar da ta rabe a babban titi. Yana ganin hotonta a waya ya gane aikinsa. Bayan haka ne aka ce an tura su asibiti mai nisa. Ya roƙe ta ta bari ya ɗaukar musu shatar mota, ta ce ina amfanin tata. Ya ce ta kawo ya duba birki, ta ce sai sun dawo.

"Me ya hana ka gaya mata gaskiya?" in ji Sufeto.

"Na gwammace ta tsine wa ɓarawon da ba ta sani ba."

"Shi kuma mutumin da ya mutu? Ya bar mata da yara. Shi ba ƙanin kowa ba ne?"

Hawaye ke bin fuskar mai waldar, yana wanke baƙin hayaƙi.

Malama ta matso. Muryarta ba ta tashi ba, kuma Sufeto ya ji da ma ihu ta yi.

"Yaya, ranar da ka ƙwanƙwasa jikinta ka ce min bamba ce kawai, ka sani?"

"Na sani."

"Ka kama hannun Mama ka sa ta a kujerar baya. Ta sa maka albarka."

"Na sani, Auta."

Sufeto ya tausaya masa, kuma ya ji haushin kansa da ya tausaya. Mutumin ya ceci biyu, amma bayan ya binne ɗaya, ga wasu motocin suna can suna yawo da iyalan mutane. Ya gaya masa a ofis zai zauna ya faɗi kowace mota da ya ɗinke, a bi su a tsayar kafin a sake kiran wani sufeto babban titi. Mai waldar ya gyaɗa kai, ya miƙa hannuwansa tun kafin Sajan ya fito da ankwa. Wannan karon Sajan bai yi wasa ba.

Sufeto ya ce wa Malama ta kwantar da hankalinta game da gobe, zai yi wa shugaban direbobin tasha magana a samo mata mota mai lafiya da direba mai hankali. Ta yi godiya ba tare da ta dube shi ba. Ta sunkuya cikin rabin motar ta ɗauko matashin Mama, ta kakkaɓe shi.

A bakin motar 'yan sanda yayan ya waigo.

"Idan Mama ta tambaya, ki ce aiki ya kai ni wani gari."

Malama ta rungume matashin a ƙirjinta.

"A'a, Yaya. Ita ma ka sa ta a cikin motar nan. Gaskiya zan gaya mata."

Sajan ya rufe ƙofa.