Fitilar Muzammilu a Bakin Gulbi

Labbo ya yi ƙarya, irin ƙaryar da ke kashe mutum a ƙasar Isa. Saboda mace ya yi ta.

Macen ita ce Nuriyya, ɗiyar Malam Alhassan mai makarantar Islamiyya. Ta fara ganin Muzammilu ne tana dawowa daga Tozai, yana cikin gulbi har gwiwa yana tace laka da rariya.

"Samari na neman kifi, kai mi kaka nema?"

"Ƙwari, malama."

Ta yi dariya, ta kuma waiwaya kafin ta wuce.

Ɗalibin jami'a ne. Yana nazarin wasu ƙwarin ruwa da ke daɗewa cikin laka, in sun yi fukafukai su rayu yini guda su mutu. Aikinsa ya gano wanne ne dangin wanne. Da faɗuwar rana yakan shimfiɗa farin ƙyalle ya kunna fitila, su taru ya tsinta.

Wata rana ya aika mata saƙo: "Nurin idona, yau na kama mai wutsiya uku. Ba shi da bakin cin abinci, aure kaɗai ya fito da shi."

Ta amsa: "Malamin ƙwari, kai kana da baki. Zo ka gai da Baba."

Ya je, Malam ya karɓe shi.

Labbo ɗan sa-kai ne, ya nemi Nuriyya ta ƙi shi. Sai ya yaɗa cewa fitilar nan alama ce da Muzammilu ke yi wa 'yan bindiga. Wanda aka laƙa wa wannan zargi a can ba ya ganin alƙali. Malam ya hana Muzammilu ƙofar gidansa, 'yan sa-kai suka ce za su kama shi a gulbin.

Nuriyya ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, kai ka koya muna kada mu ɗauki labari sai mun bincika. Ka je ka gani da idonka. In gaskiya ce, za ni haƙura da shi."

Malam ya ce a kawo masa takalmansa.

Ta rubuta wa Muzammilu: "Kada ka gudu, masoyi. Kunna fitilarka. Baba na tahe."

Ya amsa: "Za ni kunnawa."

Malam ya zo da shugaban 'yan sa-kai. Suka zazzage jakar Muzammilu: kwalabe, rariya, gilashin ƙara girma. Fitilar kuwa ƙasa take kallo, an kare ta da kwali ta gefen daji. Suka zauna har ƙyallen ya cika da ƙwari.

Malam ya nuna biyu da sandarsa. "Wanga ɗan'uwan wancan ne?"

"A'a, Baba, kama ce kawai. Dubi jijiyoyin fiffikensa. Ɗan'uwansa na kusa shi ne ƙaramin nan, kakansu ɗaya."

Malam ya karɓi gilashin ya duƙa, ya duba da kyau.

"Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce su," in ji shi. "Yaro, ka turo magabatanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Malam da kansa ya yi addu'a, Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a tagari, jama'a suka ce amin.

Labbo kuwa an karɓe bindigarsa, an kore shi daga sa-kai. An tsai da shi ƙofar masallaci ranar Juma'a ya ƙaryata kansa. Har yau ba a karɓar shaidarsa a Isa.