Matakala Saba'in da Biyu

"Cire hannunka, Ramzi!"

A hawa na biyu Intisar ta tsaya, ta jingina da bango, ƙirjinta yana sama yana ƙasa. Ni ina can ƙasa bakin ƙofata, amma ina jiyo numfashinta, fiii... fiii... kamar butar shayi ta tafasa.

"Hasken idona, saura hawa biyu kacal. Bari in ɗauke ki..."

"Yau ka ɗauke ni. Gobe fa? In za ni sayen burodi sai in jira ka taso daga aiki ka sauko da ni kamar buhun shinkafa?"

"Wallahi zan yi!"

"Ba zan zauna gidan da ƙafata ba za ta kai ni ba!"

Ta zare zoben baikon daga hannunta na dama, ta ajiye kan matakala. Na ji ƙararsa, ƙil.

Awatif, uwar Ramzi, ta leƙo daga ƙofarta.

"Ayya! Haka Allah ya so, 'yata. Sai haƙuri."

Muryar nan har da zuma a ciki.

Ni ce Zakiyya, kakar Ramzi. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma ku tambayi unguwarmu a garin Damanhur, ba abin da ke ɓace mini. Na san wadda ta zo gaisuwar mijina da tukunya, na san wadda ta zo da baki kawai. Wanda ya yi mini ina sane, wanda na yi wa ina sane.

Mijina ya gina hawan ƙasa na gidan nan, 'ya'ya suka yi ta ɗora nasu a kai. Na Ramzi ne can ƙarshe, matakala saba'in da biyu. Shekara huɗu yana shimfiɗa tayil ɗinsa da hannunsa saboda yarinyar nan, 'yar Usta Fahim mai aski da ke tsallaken layi, marainiyar uwa. Kaf unguwar ba mai guɗa irin tata. Ranar da na dawo daga Makka, tun daga bakin layi ta ɗauko guɗar, ba ta dire ba sai ƙofata. Wannan ma yana nan a raina.

Saura wata biyu biki tukunyar gas ta fashe tana girki. Wuya da ƙirji suka ƙone, ta shaƙi hayaƙi. Kwana arba'in da bakwai a asibiti. Fata ta warke, amma ta matse ta kamar rigar da ta yi wa mutum kaɗan.

Suka sallame ta da wani ɗan bututun roba, tsawon tafin hannu. Ta matse hanci, ta sa shi a baki, ta zuƙi iska da ƙarfi, shi kuwa yana hana ta. Na ga gumi, na ga jijiyar wuya ta miƙe, na ga hawaye.

Awatif ta ja ni gefe.

"Hajja, abin nan zai yage mata sabuwar fata. Ke ce babba. In ba ki raba ta da shi ba, wa zai raba ta?"

Ni da nake ganin ba a yi mini wayo, na ɗauke shi na tura cikin gwangwanin shinkafata. Intisar ta ɗan nema ta bari, da ma ya ishe ta. Sati biyar kenan kafin ranar matakalar nan.

Ranar da ta ajiye zoben, ko la'asar ba a yi ba sai ga Shaima, 'yar ƙanwar Awatif, ta wuce ni da igiyar awo a hannu, tana hawa da gudu.

"Ina zuwa haka?"

"Labule zan auna, Hajja. Inna Awatif ce ta ce."

Sai a lokacin na gane wadda aka aika, kuma aka aike ta ba ta sani ba. Ni.

Washegari na zaro bututun, na kakkaɓe shinkafa, na hau keke mai ƙafa uku sai asibiti, wajen Dakta Mervat mai motsa jikin masu ƙuna.

"'Yata, gaya mini gaskiya. Wannan cuta ce ko magani?"

"A ina kika samo shi, Hajja?"

"A inda na ɓoye shi."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta kama hannuna ta ɗora ƙarƙashin haƙarƙarina.

"Ja numfashi. Kin ji abin da ya motsa? Nama ne, kamar na dantse. Na Intisar ya kwanta sati bakwai a gado, ga tabo ya ɗaure shi ta waje. In bai yi aiki mai nauyi ba, ba zai tashi ba. Gumin da kika gani, shi ne maganin."

"Sau nawa?"

"Talatin da safe, talatin da yamma. Duk sati ki kawo mini ita in duba fatar, in ƙara wa abin tauri. In ta ji jiri, ta dakata."

Ban biya gida ba. Na tarar da Intisar kwance, fuska a bango. Na ajiye bututun kan matashinta.

"Ni na sace shi."

Ta juyo.

"Ke, Hajja?"

"Ni. Na cinye miki sati biyar, kuma ni ba na kwana da haƙƙin mutum. Tashi."

"Ki bar ni. Shaima ta fi ni ƙafa."

"Ta fi ki ƙafa, ta fi ki baki, kuma ko ƙwai ba ta iya soyawa ba. So kike ta kashe mini jika da yunwa? Tashi, na ce!"

Dariya ta ƙwace mata, ta koma tari, tarin ya koma kuka. Na bar ta ta gama. Sannan na ciro carbina mai ƙwaya talatin da uku, na ɗaure zare bayan ta talatin.

"Ke ki ja, ni in ƙirga."

Haka muka yi ta yi. Ta ja, in saki ƙwaya. Wata rana a ta goma sha biyu za ta jefar da shi.

"Na gaji, tsohuwar nan!"

"Ni ma na gaji da ganin fuskarki. Saura sha takwas."

Ramzi kuwa ta hana shi shiga. Ya zo ya zauna gabana kamar an yi masa mutuwa.

"Kaka, ki ba mu ƙasa mana, ke ki koma sama."

"In hau saba'in da biyu da gwiwar nan? Gadona kake sauri?"

Amma na kai mata maganar, don da gaske na yarda zan bayar. Ta girgiza kai.

"Tayil ɗin da ya shimfiɗa mini nake so in taka, Hajja."

Na gaya masa. Ya hau sama ya buga ƙusa a ƙofar, ya rataye zoben.

"Ki ce mata yana nan. Ba zan kai mata ba, ba zan ba kowa ba. Ko shekara goma ce."

Awatif ta ce, "Shekara goma! Shaima fa?"

Na ce, "Ta auna labule, an gode. Sai ki biya ta da shayi."

A sati na huɗu Intisar ta fara zuwa gwada matakala da hantsi, bayan ya tafi aiki. Sai ta tarar da 'yar kujera a kowane hawa, da gorar ruwa a gefe. Ba wanda ya ce shi ya ajiye. Ta zauna kan ta farko tana shafa katakon.

"Bai iya aikin kafinta ba," in ji ta, ido jawur. "Dubi ƙafar a karkace."

Matakala ashirin. Talatin da shida. Hamsin. Sati guda mura ta mayar da mu baya, muka sake tasowa.

Ranar wata Juma'a, sati na goma sha ɗaya, ta shigo da mayafi ruwan zuma.

"Yana sama?"

"Yana sama."

"Ƙirga mini."

Na tsaya ƙasan matakala da carbi. Ta wuce ƙofar Awatif ta yi sallama, aka amsa can ciki-ciki. Ta huta a hawa na biyu, daidai inda ta ajiye zoben. Ta huta a na uku, ta daɗe, har na fara salati. Sai na sake jin takunta.

Saba'in. Saba'in da ɗaya.

Saba'in da biyu.

Sai muryar Ramzi.

"Intisar... ruhina..."

"Matsa. Ni zan ciro abina."

Na ji ƙusa ta faɗi ta gangaro. Sai ga kanta ta leƙo ta saman ƙarfen matakala, can ƙololuwa.

"Hajja Zakiyya! Wannan taki ce!"

Ta ja numfashi, na ji shigarsa tun daga ƙasa, ta saki guɗa.

Ba ta kai ta da tsawo ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ƙwaya tara na saki ta dire. Amma tagogin layin duk sun buɗe, Usta Fahim ya fito da gudu da reza a hannu, ya bar mutum da rabin gemu.

Bayan sati uku aka ɗaura aure, aka mayar da zoben hannun hagu kamar yadda muke yi wa amarya. Awatif da kanta ta dafa miyar mulukiyyar bikin, ta cika gishiri, na ci ban ce komai ba.

Har yau Intisar tana saukowa da bututunta kowace safiya, ko da yake ta iya ƙirga abinta. Rannan na ce mata, "Sati biyar na ci miki, na biya sha ɗaya. Mun rabu lafiya?"

Ta sumbaci kaina.

"Guɗar fa? Kin biya?"

Na duba, na sake dubawa, ban ga da me zan biya ba. Ita kaɗai ce a duniya ke bi na bashi, kuma kullum ina gode wa Allah da ya bar mata numfashin da za ta tuna mini.