Fankar da Ta Ƙi Juyawa

A wani gari can, an yi wani direba mai kai mutane kasuwa. Wata safiya ya tayar da mota, inji ya yi zafi, amma fankar da ke sanyaya shi ta ƙi juyawa.

Fasinjoji suka ce, "Mu tafi, iskar hanya ta ishe shi!"

Ya ce, "Bari in duba tukuna."

Ya kashe mota, ya duba, ya tarar fis ne ya ƙone. Ya ɗauko sabo.

Suka ce, "To, sa mana, rana tana yi!"

Ya ce, "Bari in duba tukuna."

Da ya leƙa wajen fankar, sai ga 'yar kyanwa ta lafe tsakanin fukafukanta, tana kyarma. Ya fito da ita a hankali, sannan ya sa fis. Nan take fanka ta kama juyawa da ƙarfi.

Wata tsohuwa ta rungume kyanwar, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Ya ce, "Amin, Iya." Ya dubi ƙonannen fis ɗin a tafin hannunsa, ya ce, "Alhamdu lillahi da ka ƙone yau."