Ƙusoshin da Suka Ƙi Faɗuwa

Sufeto na tsakar shan shayin safe aka bugo waya daga makarantar sakandare: babban maganaɗisun ɗakin gwaje-gwaje ya yi ɓatan dabo.

Ya tarar shugaban makarantar har ya yanke hukunci. Takardar kora na kan tebur da sunan Baba, dattijon da ke kula da ɗakin, wanda saura masa mako uku ya yi ritaya.

"Shi ke riƙe da makulli," in ji shugaban.

"Shekara talatin, ko kwalba ban taɓa fasawa ba, yallaɓai," in ji Baba.

Tausayi ya kama Sufeto. "Wa kuma ya shiga ɗakin?"

"Kafinta. Shekaranjiya ya gyara kujeru."

Rumfar kafintan na bayan makarantar. Kafintan ya tarbi Sufeto da yaransa da fara'ar da ta yi yawa.

"Maganaɗisu? Ranka ya daɗe, ko kamanninsa ban sani ba."

Sufeto dai ba mutumin gaggawa ba ne. Ya zauna a benci, ya ɗauki sukudireban da ke kan tebur. Ƙananan ƙusoshi huɗu na lilo a bakinsa. Ya girgiza, suka ƙi faɗuwa.

"Haka ka saye shi?"

"Tsatsa ce ta riƙe su."

Sufeto ya yi murmushi, ya aika a kira malamar kimiyya. Kallo ɗaya ta yi wa sukudireban.

"Ba tsatsa ba ce. Idan irin wannan ƙarfen ya gogu da maganaɗisu mai ƙarfi, shi ma yakan ɗauki jan, ya daɗe da shi." Ta miƙa masa kamfas. "Allurar nan arewa take nunawa, sai fa in akwai maganaɗisu kusa."

Sufeto ya zaga rumfar a hankali, kamfas a tafin hannu. Da ya zo kusurwa, allurar ta saki arewa, ta juya ta kafe a kan buhun garin katako. Ya zura hannu. Ga maganaɗisun nan, ƙusoshi sun rufe shi kamar bushiya.

Kafinta ya zauna daɓas.

"'Yata ce ta taka ƙusa a nan, har yau ɗingishi take. Na ga yadda abin ke tsince ƙusa, na ce in share rumfar in mayar. Da na ji an kira 'yan sanda, tsoro ya hana ni."

"Ka kuma bari a kori dattijo. Tashi mu je ofis."

Da suka biya ta makarantar, shugaban, kunya ta ishe shi, ya yaga takardar korar. Baba ya karɓi maganaɗisun yana goge shi da gefen rigarsa, daɗi kamar ya kashe shi. Sai ya ɗaga murya ya kira kafintan da ake sawa a mota:

"Haba ɗana! Ai da ka tambaye ni, ni da kaina zan zo in share maka."