Ta'aziyyar Goggo Balaraba

Ranar da Sakinatu ta fara ganin mijin da za ta aura, zane ne a ƙugunsa, ɗankwali a kansa, yana dogara sanda yana yi wa jama'a masifa.

A bakin kasuwar Shagari ne. Ta fito kai wayarta caji sai ta ji shewa, ta leƙa. 'Yan wasan kwaikwayo ne daga Bodinga, irin masu zagaya kasuwanni suna wayar da kai kan zuwa asibiti. Tauraruwarsu wata tsohuwa ce, Goggo Balaraba, wadda ta rantse surukarta ba za ta je awon ciki ba, wai ita goma ta haifa a bayan ɗaki. Mutane har da riƙe ciki don dariya.

Da aka tashi, Sakinatu ta zagaya bayan motarsu. Nan ta tarar tsohuwa ta cire ɗankwali ta zama dogon saurayi, yana zaune shi kaɗai a kan benci yana goge zanen gawayi daga fuskarsa. Duk taron da ya gama tafa masa, ko mutum ɗaya bai tsaya ya ce masa sannu ba.

"Sannu da aiki, Goggo," in ji ta.

Ya ɗago, kunya ta kama shi. "Goggo ta tahi gida, Malama. Kamilu ɗai yar rage."

"Mi as sa kai ka ɗaura zanen? Ba ku da mata?"

"Wa za ya ba mu ɗiyatai ta tsaya tsakar kasuwa?"

Ta yi murmushi. "Ka san haka anka yi a Ingila, shekaru ɗaruruwa da sunka wuce? Ba a barin mata su hau dandamali. Samari ka sa kayan mata su yi wasan."

Kamilu ya daina goge fuska. "Don Allah zauna ki hwaɗa min."

Ai kuwa an sosa mata inda ke mata ƙaiƙayi. Sakinatu tana ajin ƙarshe a jami'a a Sakkwato, kuma aikin kammala karatunta a kan shekara ɗaya tak yake, 1593, lokacin da annoba ta sa aka rufe gidajen wasa na birnin Landan. Ta san littattafan da aka buga, ta san yadda 'yan wasa suka bazama ƙauyuka neman abin kai wa baka. Amma wa za ta gaya wa? Ƙawayenta duk suna ɗakunan mazansu, hirarsu ta goyo ce. Innarta kuwa, da ta fara sai ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a," ta ci gaba da tankaɗe. Kaɗaici ya ishi yarinyar nan, ga ta kuwa a gida cike da mutane.

Shi Kamilu tela ne a Bodinga, maraya, yana kwana a ɗakin da ke bayan shagonsa. Kowa ya san shi, amma ba shi da aboki. In ya zauna a majalisa sai a ce, "Yi muna muryar Goggo!" In ya yi, a kwashe da dariya. In ya kawo tasa maganar, sai kowa ya koma kan wayarsa.

Suka yi musayar lamba. Kafin ta isa gida saƙo ya shigo:

"Malamata, samarin nan na Ingila, wa ka ɗinka musu rigunan matan? Tambayar tela ta, ki yi haƙuri."

Ta amsa: "Wasu rigunan na manyan mutane na, da sunka tsuhwa aka saida musu. Kai na hwarko da yat taɓa tambayata wani abu kan aikin ga, Tsohuwata."

"Tsohuwarki na godiya. In muryarsu ta buɗe hwa, mi suka yi?"

"Wasu su koma wasan maza, wasu ba a sake jin labarinsu."

Sai ya rubuto: "An ba su aure kuwa?"

Sakinatu ta karanta saƙon sau biyu. Ta rubuta: "Wasu sun samu. Kai ma ka gwada sa'arka."

Haka soyayya ta kama su, ba hayaniya. Da la'asar, in ya sarara daga keken ɗinki, sai ya kira ta, ta karanta masa abin da ta rubuta yana gyara mata. "A'a, Malamata, ɗan wasa ba ya tsoron a jehe shi kamar yadda shi ka tsoron a yi shiru." Ta rubuta wannan a babinta. Ita kuma ta gaya masa ƙarara cewa tana son sa, don ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

Da magana ta yi nisa, kawunsa Sha'aibu ya je neman izini wurin mahaifinta, Alhaji Hammadu, dillalin shanu, mutum mai ƙarancin magana. Da farko ya karɓe shi hannu biyu. Sai dai akwai Tasi'u, ɗan baffan Sakinatu, wanda ya daɗe yana ganin ita tasa ce ko da bai taɓa buɗe baki ya ce yana so ba. Shi ya kai wa Alhaji waya har zaure, ya kunna masa bidiyon Goggo Balaraba tana murguɗa baki.

Alhaji ya sa aka kira ta.

"Wanga shi na kika so?"

"Shi na, Baba. Wasa na kawai. Ko a Ingila can da..."

"Ban tambaye ki Turawa ba, ruwansu. Addininmu ya hana namiji shi yi kama da mace, kin sani, na sani. Kuma ba ni son gobe a nuna jikana a ce ga ɗan Goggo." Ya sassauta murya. "Ban ce mugun yaro na ba. In ya aje zanen, shi zo mu yi magana. In bai aje ba, kak ki sake kawo min sunanai."

A gaskiya tsohon bai yi zalunci ba, ita ma ta san haka, shi ya sa abin ya fi yi mata ciwo. Ta kira Kamilu ta zayyane masa. Tana jiran ya ce, "Wannan ai mai sauƙi na." Sai ta ji shiru.

"Kamilu, kana jina?"

"Ina jin ki. Malamata, Goggo ɗai aka gaidawa a garin ga. In ta tahi, ban san wa ka sanina ba."

"Ni hwa?"

Ya katse kiran. Daga baya saƙo ya zo: "Ki ba ni lokaci, don girman Allah."

Lokacin ya yi tsawo. Damina ta kankama, gero ya rufe hanyar garin Dandin Mahe, wayarta shiru. Ta yi fushi, ta huce, ta sake yin fushi. Ta koma kan aikinta, ta iso babin da 'yan wasa suka rasa dandamali har wasu suka sayar da kayan wasansu. Tana cikin rubutu ta ga hawaye na ɗiga a kan takarda. Innarta ta leƙo ta ce, "Ikon Allah! Turawan da sunka mutu tun tuni kika wa kuka?" Sakinatu ta ce e, don ya fi sauƙin faɗa.

Ana haka wata safiya Tasi'u ya shigo gidan da fara'arsa, kamar wanda aka yi wa albishir.

"Ƙanwata, kin ji shela? Goggo Balaraba za ta dawo ran kasuwa. Mutumin naki ya zaɓi zane."

Maganar ta soke ta. Wato ko sallama bai ga ta cancanta ba. Ranar kasuwa ta saka hijabinta ta fita, da niyyar ta gan shi sau ɗaya ta cire shi daga ranta.

Taron ya fi na kullum. Sai dai yau Goggo ba ta fito da sanda tana masifa ba, a kan tabarma aka ɗauko ta, wai ba ta da lafiya. Ko a kwance bakinta bai mutu ba. Ta ce kokon da aka dama mata kamar ruwan wanki, ta ce likitan da aka kira yaro ne, ita ta yi wa uwarsa wankan jego. Aka yi ta dariya. Sannan ta kira surukarta, wadda a wasan ba a taɓa ganin ta ba sai dai a yi mata magana ta bayan labule.

"Ke 'yar nan, na takura miki. Ki yahe min. In cikin ga ya tashi, ki tahi asibiti, kak ki biye ma irina." Ta juyo ga jama'a. "Ku ma ku yahe min. Na zage ku da yawa, amma wallahi ku ɗai gare ni."

Ta yi shiru. Aka ja mayafi aka rufe ta.

Mutane suka tsaya jiran ta zabura ta ce wa ya ce ta mutu. Ba ta zabura ba. Abokan wasan suka ɗauke tabarmar suka yi bayan mota. Can sai ga Kamilu ya fito cikin kaftaninsa da hula, ya karɓi lasifika, hannunsa na rawa.

"Jama'a, sunana Kamilu. Goggo ba ta ƙara dawowa. Mun gode."

Wata mai fura ta aje ludayi ta fashe da kuka. Sakinatu ta juya don ta ɓoye nata, sai ta hango mahaifinta can gefe cikin 'yan kara masu cinikin shanu, ya harɗe hannu a baya yana kallo.

Tana tafe tana rubutu, yatsunta na kuskure: "Mi as sa ba ka hwaɗa min ba? Na ɗauka ka bar ni."

Ya amsa: "Na ji tsoron in na ji muryarki in roƙe ki ki bar min ita. Shekaru muna tare, ban iya yada ta kamar tsumma ba, sai da nay yi mata sallama. Yanzu ke ɗai gare ni, Malamata."

Abin da ya biyo baya ko shi bai zata ba. Washegari wani mai shayi ya leƙo shagonsa ya ce, "Ya haƙuri?" Da zolaya ya faɗa, amma ya zauna. Wasu suka biyo, har daga garin Sifawa. Tsofaffin mata suka riƙa aiko masa da tuwo. Suna zuwa da wasa a baki, sai su tarar mutumin da gaske kewa yake yi, sai su zauna a yi hira, a tambaye shi labarin iyayensa da yadda ya koyi ɗinki. Bencin shagon da ya saba zama fayau ya koma ba wurin zama.

Ana cikin haka wata hantsi mota ta tsaya, Alhaji Hammadu ya fito. Kamilu ya tashi da sauri ya durƙusa.

"Tashi, ɗana. Na ji an yi maka rashi, shi na niz zo."

"Baba, ai wasa na..."

"Na sani. Ni ma na sha dariyarta a ɓoye, Allah shi gahwarta min." Ya dube shi da kyau. "Na ga hannunka na rawa ran nan a kasuwa. Abin da kab bari ba ƙarami ba na a wurinka, kuma ban raina ba. Ka turo min Sha'aibu."

Bayan an yi girbi, Sakinatu ta miƙa aikinta a jami'a, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji. Tasi'u ma ya zo, shi ya fi kowa ɗaga murya wajen amin, don kada a ce. Ƙungiyar wasa ba ta mutu ba. Kamilu ya koma rubuta musu labari da fitowa a wasan maza, ko da yake taron bai taɓa kai na da ba, kuma ya san haka.

Da amarya ta tare a Bodinga, tsofaffin unguwa suka zo ganin ɗaki. Bayan sun fita, ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa, ta kama hannun Sakinatu ta riƙe gam, Kamilu na tsaye a gefe kansa a ƙasa.

"Ke ta kinka raba mu da Goggo?"

Sakinatu ta sunkuyar da kai. "Ni ta, Inna."

"To, mun yahe. Amma yaron ga ba shi da kowa, kuma abin da yad da shi ya ba da dominki. Ki riƙe muna shi da kyau."

"Na riƙe, Inna, in sha Allahu."

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba. Allah shi sa kak ɗayanku shi sake sanin kaɗaici."

Suka ce amin tare. Tsohuwa ta saki hannunta, ta nemi takalmanta ta tafi.