Leda a Bakin Bututu

Ana tsuga ruwa ranar da Tamo ya fara shiga shagon wanki da guga na Mama Ebenye a unguwar Deyido ta birnin Duwala, jakar kayan aiki a kafaɗa, wandonsa sharkaf. Endale, autar Mama, tana zaune ta zuba wa injin busar da kaya ido kamar mai jinya. Injin ya daina tsayawa da kansa, in ba a kashe shi da hannu ba sai ya wuni yana juya kayan mutane. A Duwala kuwa, in damina ta kankama, mai jiran rana ta busar masa da riga sai dai ya je coci da tawul.

"Kai ne mai gyaran?" in ji Endale. "Ai kai ya kamata a fara sakawa a ciki."

"In ke za ki tsare ni, na yarda."

Ta kau da kai tana danne dariya, amma ina, zuciya ta riga ta tafi.

Ya duba agogon injin, ya goge ɗan ƙarfen da ke jin danshin kaya, duk lafiya. Sai ya zagaya bayan shago cikin ruwan, ya ɗan jima ya dawo. Aka kunna, kaya suka bushe, inji ya tsaya da kansa. Da Mama ta tambayi cutar, ya sosa ƙeya ya ce, "Iska ce ba ta fita, Mama. A riƙa barin bututun baya a buɗe." Mama kuwa, wadda ba a taɓa kai mata magana ƙarshe ba, tuni ta juya tana yi wa masu guga faɗa.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Endale: "Gimbiyar Deyido, na isa gida lafiya, amma na manta hankalina a shagonku. Ki adana min."

Ta mayar masa: "Na rataye shi a layin kayan da ba a zo ɗauka ba. Ka shanya wandonka, Injiniyana."

Soyayya ta kama gadan-gadan, ana ta cin gasasshen kifi da miyondo, wato curin rogo, a bakin kogi. Sai dai duk ranar da aka yi babban ruwa cutar injin sai ta dawo. Tamo ya zo, ya zagaya baya, ya gyara, ya ƙi karɓar ko sisi. Wannan ya ba Dikonge ƙofa, wani dillalin tsofaffin injuna da ya daɗe yana naci a kan Endale ba ta ko kallonsa.

"Mama," ya ce, "da gangan yaron nan yake barin cuta a injin don ya samu hanyar zuwa wajen 'yarki. Mai gyaran da ba ya karɓar kuɗi, ai da abin da yake nema."

Ana haka, ran wata Asabar Endale ta tashi sallamar masu karɓar kaya, inji ya yi ta juyi har ya babbake kaba, wato doguwar rigar ado, ta shugabar matan cocinsu. Mama ta sa aka kira Tamo, ta wanke shi tas a gaban jama'a, ta kira shi macuci, ta ce kada ta ƙara ganin ƙeyarsa a shagonta ko kusa da 'yarta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama," ya ɗauki jakarsa. Shirun nan ya fi komai yi wa Endale ciwo, don a ganinta mai gaskiya ba ya shiru haka. Ta daina amsa wayarsa.

Wata safiya hadari ya haɗo, ta zagaya baya kwashe bokitai, sai ga Mama a duƙe tana cusa leda a bakin bututun injin, ta ɗaure da igiya tam saboda feshin ruwa da ɓeraye. Endale ta koma ciki, kunya da ƙauna suka rufe ta lokaci guda.

Ta rubuta masa: "Ka sani tun ranar farko. Me ya sa ka bari aka zage ka?"

Amsa ta zo: "Gimbiyata, uwar da nake so ta zama tawa, zan ƙaryata ta a gaban masu kawo mata wanki? Sunana zai gyaru. Nata kuwa a shagon nan yake."

Washegari ya aiko mata da wani bututu mai lanƙwasa da ya sa maƙeri ya ƙera, bakinsa na kallon ƙasa, an rufe shi da raga. Ita ta ɗaura shi da hannunta, yana gaya mata yadda za ta yi ta waya. Da hadari ya sake tasowa, Mama ta fito da ledarta, ta tsaya turus.

"Wannan fa?"

"Tamo ya aiko, Mama. Ya ce ruwa ba zai shiga ba, ɓera ma haka, iska kuma za ta fita."

Mama ta dubi ledar hannunta. "Yana ganin wannan duk zuwan da yake yi?"

"Shi yake cirewa."

"Kuma na yi masa abin da na yi masa, bai buɗe baki ba." Ta share ido da gefen zane. "Kira min shi. Ki ce na dafa miyar ndole."

Ranar da dangin Tamo suka zo neman aure da goro da giyar kwakwa, Dikonge bai ko leƙo unguwar ba. Ranar biki kuwa, bayan an ɗaura aure, coci ya cika maƙil, Mama Ebenye ta kama hannun ango ta ɗora na Endale a kai.

"Yaron nan ya rufa min asiri a lokacin da nake yaga nasa," ta ce. "Ga autata na ba ka, ɗana. Allah ya rufa muku asiri, ya ba ku 'ya'ya masu halinka."

Jama'a suka amsa da amin. Endale ta matse hannun mijinta, ba ta ko damu da share hawayenta ba.